Ranar da Na Kai Ƙwaƙwalwar Kifi Gaban Alƙali

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Arzika, kun tashi kun tarar da wata magana tana yawo tsakanin gidajen nan biyu, cewa ni Manu ni na tona asirin gidanmu a gaban alƙali. Ba zan ɓata muku lokaci da musu ba, ni ne. Sai dai duk wanda ya ba ku labarin daga tsakiya ya ɗauko shi, kuma yawancin masu ba da shi ko ƙofar kotun ba su taka ba a ranar. Tunda Allah ya ja kwanana har furfura ta gama da kaina, bari in rubuta muku yadda aka yi. In kun karanta, kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Mu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni, a tungarmu ta bakin kogin Kwara kusa da Lolo, inda in ka tura jirgi ka yi 'yar tafiya sai ka ji ana gaishe ka da Dandanci a ƙasar Benin. Kakanku, Baba, masunci ne da ake ji da shi. Ban gama wayo ba hannunsa na dama ya fara rawa, alhali ko hamsin bai kai ba. Yana zaune sai ka ga yatsunsa suna murzawa kamar mai jan carbi, ga shi babu carbi a hannun. Daga baya takunsa ya gajarce, muryarsa ta yi ƙasa, fuskarsa ta daina nuna fushi ko dariya. Manyan tunga suka zauna suka ce iskar ruwa ce ta taɓa shi, wai ya jefa taru a wani gurbi mai zurfi da aka hana. Ku fahimci wannan da kyau, don duk labarin a kansa ya rataya. A wurinmu taɓin iskar ruwa ba abin kunya ba ne. Wanda ya yi mata laifi shi kaɗai take kamawa, ba ta bin 'ya'ya, ba ta bin jikoki. Saboda haka muka tashi kanmu a ɗage, ana shiga jirginmu, ana ba mu aure, ana karɓar namu. Ni kaina da wannan bayanin na zauna har na haura arba'in.

Da Baba ya kwanta, Yaya Arzika ne ya ɗauki jirgi da taru, shi ya ciyar da mu, shi ya binne Baba. Mutum ne marar magana, in ya yi kalma goma a wuni to ranar an yi hira. Ni kuwa, kun san ni, bakina ba ya zama. Wata rana na kifar masa da kwandon tarwaɗa a ruwa saboda surutu, ya dube ni ya ce,

"Kai Manu, bakinka ya hi hannunka aiki. Tahi boko ka huta, mu ma mu huta."

Haka na shiga makaranta, haka na ƙare a ma'aikacin sashen kula da kamun kifi a Bagudo. Ana nan sai aka zaɓe ni cikin waɗanda za a tura ƙasar waje na 'yan watanni, mu koyo yadda ake ƙyanƙyasar ƙwan kifi a cikin ɗaki. A ginin da ake koya mana akwai wani ɗaki cike da akwatunan gilashi, a ciki wasu 'yan kifaye masu zane-zane, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. A tungarmu ko kyanwa ba za a ba irinsu ba. Na tsaya ina dariya, sai matar da ke kula da su, wata likitar bincike mai farin gashi, ta tambaye ni abin dariya. Na ce ni ɗan masunta ne, ban taɓa ganin an gina wa abin da ba ya cika cokali ɗaki mai sanyi ba. Ita ma ta yi dariya, ta ce in zo in leƙa.

Ta sa ni na ɗora ido a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Ƙwan wannan kifi garau yake, ana ganin abin da ke cikinsa tun yana haɗuwa. Ta nuna mini wasu 'ya'yan kifin da aka sa wa rini, a cikin kansu ga wasu ɗige-ɗige masu duhu, dama da hagu, kaɗan ne har mutum na iya ƙirga su. Ta ce waɗannan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne masu yin wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke taimaka wa jiki ya fara motsi in an so, ya tsaya in an so. Ta ce ba haka kawai suke tsirowa ba. Tun ƙwan yana kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin gado da ɗan kifin ya karɓo daga uwa da uba su ke tsara aikin bi da bi. Wata ta aika saƙo cewa ga wurin da za a kafa su. Wata ta zaɓi jijiyar ta ce ke aikinki dofamin ne ba wani ba. Wata kuma ta nuna mata hanyar da za ta miƙa reshenta. In ɗaya daga cikinsu ta samu matsala, sai jijiyoyin su fito kaɗan, ko su fito ba a wurinsu ba. Na ce ikon Allah, abin da muke murƙushewa da haƙori mu tsotse, ashe akwai wannan tsari a cikinsa.

Sai ta ja ni wani ƙaramin kwano, inda 'ya'yan kifin da jijiyoyin nasu suka gaza suke. Ta ƙwanƙwasa gefen kwanon. Lafiyayyun da ke kwanon kusa suka watse. Waɗannan kuwa suka ɗan motsa, suka tsaya, kamar suna son tafiya abin ya ƙi. Ban ga kifi ba, Baba na gani tsaye a bakin zaure, yana son ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, ƙafar ta manne da ƙasa. Na kwashe labarinsa na faɗa mata, har da iskar ruwa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba ta duba shi ba, amma abin da na siffanta ya yi kama da ciwon da ke zuwa idan irin waɗannan jijiyoyi suka riƙa mutuwa a kan mutum. Ta ce akwai bambanci: a kifinta tun farko ne ba a gina su daidai ba, a mutum kuwa an gina su, daga baya suke lalacewa. Amma wasu daga ƙwayoyin gadon da ke gina su, su ne kuma ke riƙe su da rai, kuma irinsu ne a kifi da mutum, shi ya sa take zaune da kifi. Na tambaye ta abin da ke cina: ana gadonsa? Ta ce yawanci ba a gado. Sai ta ce amma akwai gidajen da yake bi, musamman in ya fara wa mutum da sauran ƙarfinsa. Na dawo gida da wannan maganar a cikina, ko uwarku ban faɗa wa ba. Kullum in na tashi sai na miƙa hannayena na duba su kafin in yi alwala.

Lokacin shari'ar Musulunci ba ta daɗe da shigowa jiharmu ba. Mun yi murna, ni ma har da ni a masu kabbara. An rufe gidajen giya, to amma mu a bakin iyaka muke. Masu sha suka gane hanya: ranar kasuwar Lolo sai su shiga jirgi su tsallaka Benin, su sha abinsu, su dawo da la'asar. Sai wasu matasa masu zafin kishin addini suka ɗora wa kansu tsayuwa a mashigi, duk wanda ya sauko daga jirgi suna kallon ƙafafunsa. Ban ga laifinsu ba a lokacin. Yara ne da suka ga ana raina abin da suka yarda da shi.

Wata safiya ina ofis sai ga Yaya Kulu, matar Yaya Arzika, ta sauko daga kan babur, mayafinta duk jan ƙasa. Matar da ban taɓa ganin ta fita tunga ita kaɗai ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Manu, an kama yayanka. Wai ya sha giya."

Na yi dariya, don na ɗauka ban ji daidai ba. Mutumin da shi ke buɗe masallacin tunga da asuba? Ta ce jiya ya dawo daga tsallake, da ya sauko daga jirgi sai ya taho da gudu-gudu, kansa a gaba, ya kasa tsayawa har ya faɗi a gaban matasan nan. Suka ɗaga shi, suka yi masa magana, maganarsa ba ta fita sosai. Suka laluba aljihunsa suka sami kwalba mai warin tsami, bakinsa ma yana warin. Mutum biyu sun ce za su rantse. An kawo shi Bagudo, jibi za a shiga kotu. Sai ta rage murya ta ce,

"Shekara biyu ke nan hannunshi na rawa. Ya hana ni hwaɗi. Cikin aljihu yaka ɓoye shi."

Abin da nake dubawa a hannuna kullum, ashe yana can a hannun ɗan'uwana. Na tuna zuwana tunga na baya-bayan nan, yadda ya daina cin tuwo tare da mu ya ce ya ƙoshi, yadda yake zama hannunsa na dama a ƙarƙashin cinya. Ni mai ilimin, ni da na je har ƙasar waje na leƙa kan kifi, ban lura ba.

Na same shi a inda aka tsare shi, zaune a kan tabarma, ya rame. Da ya ga ba kowa sai ni, ya zaro hannun ya ɗora a gwiwa, yatsun suna ta murzawa. Na kasa kallo, na kuma kasa kau da kai. Ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye a tsallake, can yake zuwa, don a can ba wanda ya san shi. Abin da ke cikin kwalbar jiƙon saiwoyi ne, in ya kwana biyu a zafi sai ya yi tsami. Na ce to alhamdu lillahi, ai magana ta ƙare, jibi ka faɗa wa alƙali haka. Ya girgiza kai.

"In nac ce magani na, sai a ce maganin mi. In nac ce na rawar jiki, sai a tuna Baba. Mutum guda iska ta. Mutum biyu gida guda, uba da ɗa, wa zai yarda iska ta? Ni ban taɓa jefa taru gurbin nan ba, kowa ya sani."

Na ce, "Yaya, bulala tamanin fa! Gaban jama'a! Ka ga jikinka kuwa? Kuma a ce da kai mashayi?"

"Mashayi shi ɗai ya sha abinai. Ɗiyana maza huɗu, kowane da jirgi yaka ci. Ɗiyana mata ukku ba su yi aure ba. Ka bar su su yi bulalarsu. Kuma Manu, na san bakinka. Ka rantse ba ka cewa komi."

Ban rantse ba. Na ce masa to, na ji. Shi ya ɗauke ta a matsayin alkawari, ni kuma na bar shi ya ɗauka. Wannan ma laifi ne, ku rubuta shi a kaina.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na rufe ido sai in ga an tuɓe masa riga a fili, mutumin da ya goya ni ya tsallaka da ni ruwa, yara suna leƙe ta tsakanin ƙafafun manya, shi kuma ga jikin da ko tsayuwa ba ya iya yi daidai. Ina tsoron kada ya faɗi a bulala ta ashirin ya ƙi tashi. In na buɗe ido kuma sai in tuna ku, kuna ƙanana kuna wasa a tsakar gida, da abin da zai biyo ku in na yi magana.

Ranar shari'a kotu ta cika, rabin tungarmu sun zo. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa, kuma ina shaida masa a gaban Allah, ba neman dukan kowa yake ba. Shaidu biyu suka faɗi abin da suka gani, ba su ƙara ko kalma ba. Aka miƙa masa kwalbar ya shinshina, ya ɓata fuska. Ya juya ga Yaya Arzika ya tambaye shi har sau uku, ya sha ko bai sha ba. Yaya ya sunkuyar da kai, hannunsa a aljihu, bai ce uffan ba. Ba zai yi ƙarya ya ce ya sha ba, ba zai kuma faɗi gaskiya ba. Alƙali ya ce,

"Malam Arzika, ka taimake ni. In da wani uzuri, ko ƙanƙane na, hwaɗa mini. Shirun nan naka ba ya taimakonka."

Na ga alƙali ya jawo takarda ya ɗauki alƙalami. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce Allah ya gafarta malam, ni ƙanensa ne, ma'aikacin kifi, ina da magana. Na ce yayana ba maye ne ya kayar da shi ba, ciwo ne, kuma na ga mafarin irin ciwon da idona a cikin ƙwaƙwalwar kifi. Kotu ta fashe da dariya. Wani daga baya ya ce boko ya taɓa ɗan Sarkawa. Alƙali ya tsawatar, ya ce mi ya haɗa kifi da ɗan Adam? Na ce wanda ya halicce su ne ya haɗa su. Na kwashe bayanin matar nan na zuba, jijiyoyin nan 'yan kaɗan, da sinadarin da suke yi, da ƙwayoyin gadon da ke kafa su tun cikin ƙwai, da 'ya'yan kifin da aka ƙwanƙwasa wa kwano suka kasa gudu. Na ce mai maye in ya kwana ya wartsake, wannan kuwa kwanansa uku a tsare, a sa shi ya fitar da hannunsa a gani. Alƙali ya umarce shi. Yaya ya ɗago ya dube ni. Ya zaro hannun. Kowa ya zuba ido, ana kallon yatsu suna murzawa.

Da a nan na tsaya, wataƙila da an ce sabon ciwo ne Allah ya ɗora masa. Amma ɗaya daga shaidun ya ce ai tsofaffin mashaya ma hannunsu na rawa in sun kwana biyu ba su sha ba. Tsoro ya kama ni, raina kuma ya ɓaci, bakin nan nawa ya ƙwace. Na ce to Babanmu fa, shi ma mashayi ne? Ga dattawan tunga nan zaune, su faɗa in ba haka hannunsa ya yi ba, in ba haka yake tafiya ba. Na ce ba wata iskar ruwa, ciwo ɗaya ne, kuma wataƙila a ƙwayoyin gadon gidanmu yake. Na ce wataƙila, Allah ne shaidata na ce wataƙila. Babu wanda ya tafi gida da wannan kalmar.

Alƙali ya ɗage zama, ya sa aka kai Yaya babban asibiti a birni. Likita ya duba shi ya rubuto cewa ciwon ne. Aka sallame shi, ko bulala ɗaya ba ta taɓa shi ba, alƙali har ya ba shi haƙuri a bainar jama'a. Likitan ya ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi da suka sassauta masa rawar shekaru da dama. Na riƙa aika masa da su ta hannun Yaya Kulu, don daga ranar ya daina yi mini magana. In na shiga zaure sai ya juya fuska bango.

Abin da ya hango kuwa bai ɓata ko ɗaya ba. Kafin wata ya zagayo, daga Lolo har Bahindi an san gidan masu rawar jiki. Sani, babban ɗansa, da ke fito da mutane ranar kasuwa, sai ya ga mata suna tsayawa a bakin ruwa suna kallon hannunsa a kan filafili, su wuce jirgin gaba. Ƙarshe ya sayar da jirgin ya tafi kudu dako, can ya rasu. Masu zuwa gaisuwa gidan saboda 'yan matan suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ku nawa ma kun sha naku a makaranta, na sani, ko da ba ku faɗa mini ba. Na bi mutane ina bayani, cewa yawanci ba a gadonsa, cewa ko a gidan da yake bi ba kowa yake kamawa ba. Wa zai saurare ni? Ni na faɗa da bakina a gaban alƙali. Ga shi ni har yau hannuna bai yi rawa ba, kuma ba na jin daɗin hakan yadda kuke zato. Har gobe ban san ko gadon ne ko ba shi ba ne, ba a taɓa auna mu ba. Ina dai jin tsoro, ba na kaina ba yanzu, naku. In kun zo gaishe ni kuna miƙo hannu, ku yafe mini, ba fuskarku nake fara kallo ba. Wanda duk ya ga wani abu a jikinsa a cikinku, don Allah kada ya tsallaka ruwa a ɓoye, ya tafi asibiti da rana tsaka.

Shekara tara Yaya Arzika bai ce mini ko sannu ba. Da ciwon ya kwantar da shi, wata ranar Juma'a da hantsi Yaya Kulu ta aiko cewa yana nemana. Na hau babur, ina ta shirya abin da zan ce. Na tarar da shi a kwance, ya zama ƙashi da fata, muryar ta kusa ƙarewa. Na durƙusa na ce Yaya ka yafe mini, tsoro ne ya sa ni, na ji tsoron kada su kashe mini kai. Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. Sai da na kai kunnena dab da leɓensa sannan na ji.

"Na yahe maka, Manu. Tun tuni."

Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bari sai da na lafa, sannan yatsunsa masu rawa suka kamo bakin rigata, ya jawo ni kusa.

"Amma bulala tamanin, da yanzu ta warke."